Gonar Tayim da Ta Gangara Kwari

A Paramin, wani ƙauye da ke kan tsauni a saman birnin Port of Spain, ba wanda ke cewa ya tafi gona. Ko dai ya hau gona ko ya sauka gona, domin duk tsaunin in ka cire harabar coci babu shimfiɗaɗɗen filin da za a baza buhu biyu a kai. A nan aka haifi Zabette, a nan ta yi wayo, kuma tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali ta iya ɗaure ƙullin kayan miya: lawashin albasa a tsakiya, 'yan rassan tayim a gefe, a naɗe da busasshen ganyen ayaba.

Abu ɗaya ya raba ta da sauran 'yan matan tsaunin, shi ne tsoron gangare. In ta leƙa ƙasa sai ta tsuguna ta damƙi ciyawa har sai wani ya zo ya ja ta. Sai ga shi wanda ya fito neman aurenta, Cyprien Romany, shi ne mai gonar da ta fi ta kowa tsayuwa a tsaye.

Ranar da ya fara zuwa zance bai zo da fure ba, bai zo da alewa ba. Gwangwanin madara ya ajiye mata a kan dakali, da wani ɗan tsiro a ciki.

Ta ce, "Ni tukunyar kaza ce da za ka zo mini da tayim?"

Ya ce, "Na kakata ne. Ta ce uwarta ce ta shigo da shi tsibirin nan a ƙulle a bakin zaninta. Murza ki ji."

Ta murza don dai ta sallame shi. Ganyen ƙanana ne, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Da farko ƙamshin tayim ta ji, irin wanda ta sani. Sai wani ƙamshi kamar na ɓawon lemun tsami ya biyo baya, daga ƙarshe wani ɗumi ya tsaya mata a can cikin hanci ya ƙi tafiya. Ta daɗe da yatsu a hanci ba ta ce komai ba. Mahaifiyarta, wadda ke leƙe ta taga, ta riƙa faɗa har ta mutu cewa a cikin wannan shirun aka gama maganar aure.

Gonar tana fuskantar teku, akwai wani tsohon mangwaro a samanta. Kullum da safe Cyprien zai ɗaura igiya a gindin mangwaron, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugu, ya rataya adda da 'yar fartanya, ya sauka da baya kamar gizo-gizo. Zabette kuwa a sama take tsayawa, bayanta jingine da itacen, tana jawo kwando da wata igiyar in ya cika. Wanki da ɗauri da kaiwa kasuwa nata ne. Suka haifi 'ya'ya maza biyu, suka girma, ɗaya ya tafi aikin mai a kudu, ɗaya ya ƙetare zuwa Toronto. Shekara talatin da ɗoriya tana cin abincin gonar nan, tafin ƙafarta bai taɓa taka ta ba.

Wata Asabar a babbar kasuwar Port of Spain ta lura da wani dogon mutum, da ɗan kunne da zane har wuyan hannu, yana bin teburan matan Paramin ɗaya bayan ɗaya yana shinshinar kaya. Da ya iso nata ya ɗauki ƙulli, ya murza, sai ya rufe ido ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi.

Ta ce, "Ɗan nan, in saye ne ka saya. In shinshina ce masu turare suna can gaba."

Ya ce, "Tanti," wato inna, "wannan daga ina?"

"Daga sama ya faɗo. Daga ina kake zato?"

Ya yi dariya, ya ce sunansa Kerwin, aikinsa haɗa abin sha a wata mashaya a cikin gari. Ya ce ya daɗe yana neman tayim ɗin da zai tsaya da ƙafarsa a cikin wiski, duk wanda ya gwada sai giyar ta danne shi.

Zabette ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wiski? Tun kafin a haifi ubanka da ruwan kwakwa ake shan wiski, ba wanda ya yi ƙorafi. Me ya yi maka da za ka mai da shi romo?"

Bai ji haushi ba. Ya tsuguna gefen teburin ya yi mata bayani dalla-dalla. Rassa dogaye yake so, kan bai karye ba, ba a wanke ba, ba a matse su cikin ƙulli ba. In da hali a haɗa masa da na'a-na'a da ɗoɗɗoya da ciyawar zazzaɓi, wadda ake dafa wa mai mura. Ta ce za ta gaya wa mai gonar, amma kada ya sa rai.

Mai gonar da ya ji sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tayim ɗin kakata a cikin wiski! Matar da ta fasa kwalbar mijinta a kan dutse ranar Kirsimeti! Zabette, yau tana juyi a kabari."

Amma washegari ya daɗe a ƙasa fiye da kullum, da ya hau kuma da shawara ya hau. Ya ware kunyoyin da suka fi tsakuwa, inda ƙasa ba ta da kauri, ya daina zuba musu taki. In za a yanka sai ya bar su da ƙishirwa tukuna, wai tayim in ya ƙoshi lalaci yake yi, in ya wahala ne yake tara ƙamshi. Yana yanka bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, ya jera rassan a ganyen ayaba kamar ana kwantar da jarirai. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya kuwa ruwa suke so, don haka suka faɗo hannun Zabette. Ta sa aka raba tsofaffin ganguna biyu-biyu, ta jera su bakin tankin ruwa, domin na'a-na'a in ka sake ta a ƙasa sai ta cinye maka tsakar gida. Ta koyi tsinke kan ɗoɗɗoya kafin ta yi fure. Ta yi ta gwada dasa tayim ɗin kakar a nan kusa da gida, amma ƙasar wurin yumɓu ce, kullum sai ya ruɓe. Shi kuma Cyprien, mutumin da zai cire rigarsa ya ba ka, bai taɓa ba maƙwabci ko reshe ɗaya mai saiwa ba.

Kerwin ya zama ɗan gida. Duk Alhamis zai hau jif ya zo, ya ci gwaza da kifin gishiri, ya ce, "Kawu, yaushe za ka sauko ka ɗanɗana aikinka?" Cyprien ya ce bayan damina. Damina ta wuce ya ce bayan Kirsimeti. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Wata rana da hantsi ya hau daga gona, ya zauna gindin mangwaro yana kwance igiyar ƙugunsa, ya ce wa Zabette bari ya ɗan huta. Ta je ɗebo masa ruwa, ta dawo ta tarar rai ya yi halinsa.

Daminar da ta biyo baya ba a taɓa ganin irinta ba. Ruwa ya yi ta zuba ba dare ba rana, har hanyar jif ta koma rafi. Wata la'asar Zabette tana tsaye bakin ƙofar kicin sai ta ji ƙara kamar motoci da yawa suna hawa tsauni lokaci guda. Kwanukan da ke kan kanta suka fara rawa. Ta ga mangwaron ya girgiza, tsuntsaye suka watse daga kansa, sannan duk abin da ke ƙarƙashinsa ya motsa. Kunyoyin nan da Cyprien ya gina da hannu, da duwatsun da ya jera, da ayabar gefe, duka suka sulale gaba ɗaya kamar an ja tabarma, a hankali da farko, kana da wani irin gudu, suka ɓace a kwari. Mangwaron kaɗai ya tsaya, rabin saiwoyinsa a waje.

Da ƙarar ta lafa sai ƙamshi ya taso. Tayim ɗin gona guda, wanda dutse ya niƙe a lokaci ɗaya, ya cika tsaunin. Mutane suka fito cikin ruwa suna ɗaga hanci. Har waɗanda ke can wajen coci sun ce sun ji. Zabette ta durƙusa a bakin ƙofa tana yin alamar gicciye, ta rasa kuka za ta yi ko me, domin ba ta taɓa ganin abin tsoro irin wannan ba, ba ta kuma taɓa shaƙar abu mai daɗi irin wannan ba.

Bayan nan ta saki komai. Na'a-na'a ta tsallake ganguna, ɗoɗɗoya ta yi fure ta tsufa. Ta aika wa Kerwin cewa ya nemi wani wurin.

Da aka gyara hanya sai ga shi da rana tsaka. "Tanti, sa takalminki."

"Zuwa ina? Ni da nake makoki za ka kai mashaya? Ka ji tsoron Allah, Kerwin."

"Ba a buɗewa sai yamma. Ba kowa sai ni da kwalabe. Na yi wa Kawu nacin duniya bai zo ba, ke kam yau ko a kafaɗa sai na ɗauke ki."

Ta sa rigar coci da hula, ta bi shi tana mita har suka sauka.

Wurin shiru, da sanyi. Hasken rana yana ratsa jerin kwalabe, bango duk ya yi launin zuma. Ya ɗora ta a doguwar kujera, ya wanke hannu, daga nan bai ƙara yi mata wasa ba. Ya ɗauko wata 'yar kwalba da ragowar zumar da ya dafa da tayim, ya kalato ta da cokali. Ya matse lemun tsami, ya auna wiski, ya girgiza da ƙanƙara. Ya ɗora ganyen na'a-na'a a tafin hannu ya tafa sau ɗaya, ƙamshin ya yi tsalle ya iso inda take. Sannan ya buɗe wani ƙyalle, ya fito da busasshen reshe guda. Ta gane yankan tun daga nesa, a karkace, irin na addar Cyprien.

Ya kunna wa reshen wuta, ya hure, ya kifa tambulan a kai. Farin hayaƙi ya riƙa juyawa a cikin gilashin kamar gajimaren da ke kwana a kwari. Zabette ta ga yadda yake riƙe da kayan, da hannu biyu, a natse, yadda Fada, limamin coci, ke riƙe ƙoƙo a bagade. Ya juya tambulan, ya sa dunƙulen ƙanƙara mai haske kamar idon ruwa, ya tsiyaya. Hayaƙin ya malalo ta baki ya same ta. Ƙamshin rigar Cyprien ne sak, in ya dawo daga ƙona sharar gona da rani.

Ta kurɓa. Ya ƙone ta tukuna, sai zuma ta lallashe ta, sai lemo, daga can ƙarshe kuma ga tsaunin gaba ɗaya a bakinta, da tsakuwarsa da ranarsa da iskar teku. Ganyen da ta ɗaure tun tana yarinya, ta jefa a tukunya ba adadi, ba ta san yana da wannan a cikinsa ba.

Ta ce a hankali, "Ashe abin da kake yi da shi ke nan."

"Shi ne na ƙarshe, Tanti. Na ajiye shi na rasa wanda zan ba."

"Da tsohon nan mai taurin kai ya sauko..." Ta share ido da bayan hannu, ta ƙara kurɓa, ta tura masa sauran. "Ɗauke, kafin in fara waƙar Kirsimeti a watan goma."

Da ta koma gida ta yi wa na'a-na'a aski, ta tuge tsohuwar ɗoɗɗoya ta shuka sabuwa. Kerwin ya ci gaba da zuwa karɓar waɗannan. Maganar tayim kuwa ba mai tayar da ita.

Rani ya shiga, ya yi nisa. Wata safiya maƙwabciyarta Ursule, wadda ta riƙe mata ɗan fari a wajen baftisma, shi ya sa suke kiran juna Makume, ta shigo da kwalbar zuma tana ƙorafi.

"Makume, ɗanɗana ki ji. Zumar bana ƙamshin miya take yi. Mijina ya ce ƙudan duk sun haukace, gari na wayewa sai su zuba cikin kwarinku kamar ana rabon wani abu."

Zabette ta lasa. Ta ajiye cokalin, ta fita. Ta je gindin mangwaro, inda ba ta ƙara zuwa ba tun ranar ruwan, ta kwanta rub da ciki ta miƙa wuya. Wani ƙaton dutse ya tare ƙasan, ba a ganin komai. Amma iskar da ke hawowa tana ɗauke da abin da hancinta ba zai taɓa ɓatarwa ba.

Ta koma ɗaki ta ciro igiyar Cyprien daga ƙusa.

Ursule ta ɗora hannu a ka. "Yesu! Ke da kujera ma in kin hau sai an riƙe ki? Bari a kira maza!"

"Kafin su gama shawara rana ta faɗi. Riƙe nan, in na yi ihu ki yi addu'a."

Ƙullin igiyar ta san shi, ta ga ana yin sa kusan kowace safiya ta rayuwarta. Ta juya baya ga kwarin yadda Cyprien yake yi, ta saki ƙafa ɗaya. Ta kafa ido a kan igiyar, tana karanta addu'ar Maryamu da ƙarfi, tana zamewa kaɗan-kaɗan, tsakuwa na gangarawa ƙarƙashinta ba ta jin inda take tsayawa. Tafin hannunta ya saluɓe. Ta kewaye dutsen da gwiwa da gwiwar hannu, har ƙafarta ta sami wurin tsayawa. Sai da ta huta sannan ta yarda ta waiwaya.

Inda ƙasar ta tsaya ta yi wani faffaɗan dandamali na tsakuwa da farfasassun duwatsu, rana na dukansa tun safe. Duk faɗinsa tayim ne. Kowane dunƙule da ya gangaro da 'yar ƙasarsa ya kama, kowane reshe da dutse ya danne ya yi saiwa a wurin, suka bazu suka haɗe, ba kunya ba layi. Da yake ba mai yanka, ya yi abin da Cyprien bai taɓa bari ya yi ba, ya yi fure. Ƙananan furanni masu ruwan shuni sun rufe wurin kamar an shimfiɗa mayafi, ƙudan zuma a kai har iska tana gunji. Can ƙasa ta tsakanin itatuwa ga teku, shuɗi, ba iyaka, wanda daga sama ba a ganin ko rabinsa. Wannan ne Cyprien yake gani kullum in ya juya, bai taɓa iya faɗa mata ba, iyakarsa ya ce yau teku ya yi kyau.

Ta zauna a kan dutse, igiya a ƙugu, jini a hannu. Ita da ta yi zaton tsaunin ya cinye gonar, ashe sauya mata wuri ya yi, ya ba ta irin ƙasar da take so, ya rene ta wata da watanni ba da hannun kowa ba.

Daga sama muryar Ursule ta sauko. "Makume! Kina da rai?"

"Ina da rai! Turo kwando!"

Hawowa ce ta gagara, sai da aka kira mazan aka jawo ta kamar buhun gwaza, tana zaginsu suna dariya. A makon nan aka yi gayya. Maza suka sassaƙa matakala a jikin gangaren, suka kafa bututun ƙarfe aka ja igiya, mata suka dafa shinkafa da wake da kaza. Kowa da ya zo Zabette ta sallame shi da dunƙule mai saiwa, ta ce a nemi wuri mai tsakuwa a dasa, kada a shagwaɓa shi da taki. Ta ce abin da ya rage a wuri ɗaya tak, ruwan la'asar guda ya isa ya tafi da shi, ita ta gani da idonta.

Ranar Alhamis da ta buɗe wa Kerwin ganyen ayaba ya ga rassa har da furensu, zama ya yi a ƙasa, ƙato da shi, ya rufe fuska da hula.

Ta yi shekaru tana sauka da kanta, kullum da addu'a, domin tsoron bai taɓa barinta ba. Da gwiwa ta ƙi, ɗanta na kudu ya bar aikin mai ya dawo da iyalinsa, ya karɓi igiyar. Yanzu tana bakin tanki da gangunanta, tana tsinke kan ɗoɗɗoya tana ba da umarni da murya. Sharaɗi ɗaya ta kafa masa, a bar wani ɓangare ya riƙa fure saboda ƙudan Ursule.

A ɓangaren nan ne iri ya zuba, 'yan tsirrai suka fito da kansu a tsakanin duwatsu. Bara ɗan nata ya hawo mata da guda ɗaya, ya ce ganyensa ya fi duhu, ko cuta ce. Ta murza ta shinshina, ta sake murzawa. Ba lemo a cikinsa. Wani abu ne daban, mai zaƙi-zaƙi, kamar kanumfari amma ba shi ba. Da Kerwin ya zo, yanzu da furfura a gemu da mashayar kansa, ta miƙa masa ganye ɗaya tak.

Ya daɗe yana shaƙa. "Tanti, mene ne wannan?"

"Ina na sani? Shekarata saba'in da wani abu, jiya na fara jin sa."

"Ba ni reshe ɗaya in gwada."

Ta doke masa hannu. "Jariri ne. Ka bar shi ya ga damina tukuna. Je ka wanke hannu, gwaza na hucewa."